Rakiyar Iya Gaje Zuwa Saman Gajimare

Ranar Laraba, ƙarfe tara na safe bisa agogon da na zo da shi daga gida, aka kwance igiyar ƙarshe, ƙasa ta sake ni. Na ce bisa agogona, domin a ƙasar Walƙanda, can ƙarshen kudancin duniya, rana ba ta faɗuwa a wannan rabin shekara, sai dai ta yi ta kewaya gari kamar mai neman ƙofar shiga. Ni ce Zuwaira 'yar Malam Bawa, mutuniyar Birnin Dalmaza, malama a Makarantar Nazarin Sama. Na ƙetare teku na ratsa hamada, na bar miji da 'ya'ya biyu da suka fara tasawa, na zo ƙasar ƙanƙara saboda tambaya ɗaya da na haura shekara arba'in ban sami amsarta ba.

Can sama da gajimare, inda tsuntsu ba ya kaiwa, akwai wani kogi na iska da ke kewaya duniya. In ya karkata wajenmu, damina ta yi kyau. In ya janye, gero ya bushe a tsaye. Ba wanda ya san abin da ke karkatar da shi, domin ba wanda ya taɓa zama a cikinsa ya saurara. Balan-balan irin na da ba ya jimawa a sama. Rana ta gasa shi, ya kumbura ya zubar da iskarsa, sanyi ya kama shi, ya yamutse ya sauko, cikin 'yan kwanaki an gama. Namu dabam ne. Rufaffe muka haɗa shi, babu kafar da iska za ta fita, da leda wadda ba ta kai ta 'yan tireda kauri ba. Muka ɗaure shi da jijiyoyin zare daga sama har ƙasa, ya fito da siffar kabewa. In ya cika, kasuwar unguwarmu za ta shige cikinsa da rumfunanta. Zafi ya zo, jijiyoyin su riƙe. Sanyi ya zo, sauran matsin da ke ciki ya hana shi yamutsewa. Da wannan dabara muke sa ran ya yi wata uku bai taɓa ƙasa ba.

A ƙarƙashinsa aka rataye ɗakina na ƙarfe, rufaffe shi ma, bai fi rumfar mai shayi girma ba. A ƙarƙashin ɗakin kuma, daga waje, aka ɗaure na'urar da za ta saurari kogin iskar. Ma'aikata suka sa mata suna Amarya, saboda kullum a lulluɓe take, ba mai taɓa ta sai ni. Rabin rayuwata na ƙarar wajen haɗa ta. Duk abin da ta ji a cikinta take ajiyewa, domin oba-obar da ke haɗa ni da ƙasa murya kaɗai take ɗauka.

Sai kuma yashi. Akwai wuraren da sanyi yake fin ƙarfin balan-balan, komai kyawun haɗinsa. In ya fara nitsewa, sai a zubar da yashi ta wani bututu, nauyi ya ragu, ya sake hawa. Buhunan suna cikin wani rumbu a ƙarƙashin daɓen ɗakin. Ni da hannuna na loda su ana gobe tashi, aka ɗora ɗakin bisa sikeli. Da safe aka sake aunawa, nauyi bai canza ba.

Na yi nisa sosai, gari ya koma kamar gero da aka watsa bisa farin zane, sararin sama ya fara yin baƙi ana tsakar rana, sai na ji warin busasshen kifi. Na duba kayan abincina, babu kifi. Ina tsaye ina tunanin ko iskar ɗakin ce ta fara taɓa min kai, sai aka yi tari a ƙarƙashin ƙafata.

Na ɗaga murfin rumbun. Iya Gaje ce a zaune, ta naɗe ƙafa, ta rungume ƙullin kaya, ta lulluɓa da bargon fata. Ita ce matar da na sauka a gidanta tun zuwana Walƙanda, mace mai jiki, ta haura sittin.

"Sannu da aiki, baƙuwata," in ji ta. "Mun yi nisa?"

Ta miƙo min hannu, na ja ta, ta fito tana ƙorafin cewa wanda ya gina wannan ɗaki bai san mutum yana da gwiwa ba. Na leƙa rumbun. Buhunan yashi 'yan kaɗan ne suka rage a lungu.

"Ina yashina, Iya?"

"Yana tsakar gida, na sa an rufe miki shi da fata. Ba mai taɓawa. Me za ki yi da yashi a sama, gini?"

A hankali na zaro labarin daga bakinta. A ƙasarsu ba a sakin baƙo ya tafi shi kaɗai, domin ƙanƙara tana cinye matafiyi. Mai masauki ne zai raka shi, kuma ba ya juyowa sai ya damƙa hannunsa a hannun wani mai gida. Wanda ya bar baƙonsa ya tafi haka, mutanen gari su zo su cire ƙyauren gidansa, ya zauna a buɗe har mutuwa. Na san da al'adar, amma na ɗauka rakiya zuwa filin tashi ta isa. Ita kuwa ta tambaye ni ranar Litinin ko wa zai karɓe ni a can, na ce babu kowa, sai ta tafi ta shawarci matan unguwa. Sun ga yadda muke auna ɗakin, sun gane nauyi ba ya son ƙari. Saboda haka suka kai ta kasuwar kifi, suka auna ta da ƙullinta da tukunyarta, suka zo suka fid da yashi daidai wannan nauyi, ba ragi ba ƙari. Masu gadin filin 'yan garin ne, su suka riƙe musu tsani. Ta faɗi haka tana jiran in yaba da tsarin aikin.

Na kira Sallau, abokin aikina da ke zaune gaban oba-oba a ƙasa. Da na gaya masa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce kada in kuskura in yi yunƙurin sauka, domin iska ta riga ta fid da mu kan baƙin teku, babu abin da ke ƙarƙashinmu sai ruwa da duwatsun ƙanƙara. Kogin iskar yana zagaye ne, in muka haƙura zai dawo da mu kan Walƙanda cikin mako biyu ko uku, a nan sai mu sauka. Sai ya tambayi gwangwanayen da ke tsotse gurɓataccen numfashi a ɗakin. Na mutum ɗaya aka yi su. Na ce za su kai mu zagaye ɗaya, in ba a yi yawan motsi ba. Bai tambayi yashi ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar ba.

Daga wannan lokaci abin da ke gabana ya zama ɗaya: in sauko da matar nan da ranta.

Muka zauna. Na raba mana wuri da abinci da ruwa, na nuna mata abin da ba a taɓawa, wato kusan komai. Salla da agogo muke yi. Takan tsaya bakin taga ta daɗe, tana kallon taurari da rana tare a baƙin sarari, ga duniya ta lanƙwasa a ƙasa kamar bayan ƙwarya. Ba ta ce abin ya ba ta tsoro ba, ta dai tambaya ko mijina ya san irin wurin da ya bar ni na zo. Kowace safiya takan ƙwanƙwasa daɓe ta gai da Amarya, ta tambaye ta kwanan sanyi. Ni kuma ina duba allurar matsi da ta tsayi, ina jin Amarya tana aikinta, tana haɗiye abin da ba wanda ya taɓa ji.

Jarrabawar farko ta zo ne a kan Tekun Farin Gajimare. Wani shimfiɗaɗɗen hadari ne, fari fat, ba a ganin iyakarsa. Ɗumin ƙasa ba ya ratsa shi, saboda haka duk abin da ya bi ta kansa sai ya sandare. Muna shiga, allurar matsi ta fara komawa baya. Na ga kabewar da ke samanmu ta soma tattarewa daga gindi kamar fuskar tsohuwa. Muka fara nitsewa. Daga cikin hadarin wata irin walƙiya take fitowa, ja wur, ba ƙasa take yi ba, sama take tasowa, da rassa kamar saiwar kuka, ta tsaya kusa da mu ta ɓace ba ƙara. In muka shiga cikin wannan hadari, ledar ba za ta yi minti guda ba.

Na zuba sauran yashin a bututu buhu bayan buhu, har na kakkaɓe na ƙarshe. Nitsewar ta ragu, ba ta tsaya ba. Na tura littattafaina, na tura kujerata bayan na wargaza ta da sifana, na tura takalman sauka. Sannan na juya ga ƙullin Iya. Ta riƙe shi, ta ce guzurina ne, ba a zubar da guzurin baƙo. Na ce to baƙuwar ce take roƙo. Ta dube ni, ta dubi jan hasken da ke haska tagar, ta kwance. Kifi ɗaya bayan ɗaya take miƙo min, tana faɗin sunan matar da ta ba da kowanne. Tukunyar ba ta shiga bututun ba sai da muka fasa ta. Da gutsuren ƙarshe ya fita, allurar tsayi ta tsaya cik, ta jima a haka, sannan ta fara hawa. Iya ta ce duk wanda ke zaune a ƙarƙashin wannan hadari yau ya ci kifi.

Mun tsira, amma nitsewar ta fid da mu daga tsakiyar kogin iskar zuwa gefensa, gefen kuwa ba ya zagaye. Sallau ne ya fara lura. Ya ce mun bar hanyar Walƙanda, muna yin arewa, zuwa ƙasashen da ba mu da taswirarsu sosai. Muryarsa tana ta ƙara nisa. Ba da jimawa ba na ga abin da ban so gani ba: rana ta gangara ta taɓa bakin duniya, ta nitse. Iya ta yi hamdala, ta ce ta yi kewar magariba. Ni kuwa na san kowace faɗuwar rana sanyi ce, kowane sanyi nitsewa ne, kuma ba mu da yashi.

Muka yi ta rage kaya. Duk abin da ke da noti na kwance shi. Rufin bango na ciki, wanda ke tsare mu daga sanyi, na ɓanɓare rabinsa. Batir biyu na jefar, saboda haka na'urar ɗumama ɗaki ta koma aiki rabi. Iya ta daina ƙorafin gwiwa, ta koma cewa ba ta jin yatsun ƙafarta. Nakan cire mata safa in murza su, in sa su cikin rigata. Ta ce abin kunya ne baƙuwa ta riƙe ƙafar mai gida. Na ce a nan ni ce mai gida. Ta ce ba ta ga ƙyaure ba.

Jarrabawa ta biyu zafi ce. Wani hantsi muka iso kan wani farin kwari, na hangi dubban abubuwa suna ƙyalli a jere. Ƙasar Masu Madubai ce, mutanen da ke dafa ruwan gishiri da hasken rana. Daga baya na ji al'adarsu: duk baƙon abu da ya bayyana a sama, sukan juya masa madubai gaba ɗaya, su ga ko zai amsa. In ya amsa, mai rai ne, su ƙyale shi. In bai amsa ba, su riƙe shi da haske har ya ƙone. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne ƙyallin yana juyowa ɗaya bayan ɗaya, har kwarin ya zama rana ta biyu a ƙarƙashinmu, mu kuma mun riga mun sauko ƙasa da inda ya kamata.

Ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Allurar matsi ta haura, ta wuce baƙin layi, ta shiga ja. Ina jin jijiyoyin balan-balan suna kuka kamar tsirkiyar goge. Akwai bawul a ƙolinsa, wato mafitar iska, na ranar sauka. Na buɗe shi kaɗan, iskar da ba za ta dawo ba ta fita, allurar ta ja baya, ta sake hawa. Na sake buɗewa. Na san ina sayar da gobe ne in sayi yau.

Iya ta rufe ido da bargo, ta ce waɗannan mutane ba su da ladabi, a haska mutum haka ba sallama. Sai na tuna da farantan sola da ke rataye a gefen ɗakin, masu juyawa su bi rana. Na kashe injinsu, na kama hannun juyawar, na karkatar da su ƙasa, hasken ya koma kan masu shi. Niyyata in kashe musu ido su saki madubai. Hannuna na rawa, saboda haka hasken yana zuwa yana ɗaukewa. Ashe amsar ke nan. Kwarin ya fara dushewa daga gefe ɗaya, kamar ana shimfiɗa baƙin zane, har ya mutu duka. Na saki hannun juyawar, na zauna a daɓe.

Abin da na fitar ta bawul ya tafi ke nan. Kabewar ta daina cika ko da rana tsaka. Gwangwanin ƙarshe ya canza launi, kanmu yana sarawa, Iya tana yawan barci, in na tashe ta sai ta kira ni da sunan 'yarta. Mun sauko har inda iskar waje ta fara yin kauri, na buɗe wata 'yar kafa muna shaƙa, sanyi yana shigowa tare da ita. Na yanke shawarar sauka a wuri na farko da ya yi laushi. Amma ƙarƙashinmu duwatsu ne da ramuka masu zurfi, in laimar sauka da ke naɗe a saman ɗakin ta ajiye mu a nan, ɗakin zai gangara ya tarwatse.

Da la'asar sakaliya na hangi tsaunuka sun tare gabanmu, baƙaƙe, masu tsini, kawunansu fari. Ta wata tsaga a tsakaninsu na ga kore shimfiɗe, gonaki har iyakar gani. Na auna da ido, na auna da allura, na sake aunawa. Rana na sauka, mu ma muna sauka, kuma za mu isa tsaunin ƙasa da ƙolinsa.

Na sami Sallau da ƙyar, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Na karanta masa abin da allurai suka nuna. Ya yi lissafinsa, ya ce abu kaɗan ya rage mu haye, nauyin babban mutum guda kawai za mu rage. Ya tambaya me ya saura a ɗakin. Na duba. Babu komai sai bango da oba-oba da mu biyu. Kafin in gaya masa, layin ya tafi, bai ƙara dawowa ba.

Na juya, sai na ga Iya a tsaye. Na ɗauka barci take yi. Ta ninke bargonta ta ajiye a gefe, ta gyara ɗankwali, hannunta yana kan sakatar ƙofa. Tun kwanakin farko ta ga yadda ake buɗe ta.

"Iya, me kike yi?"

"Na ji abin da yaron ya ce. Ni aka auna aka cire yashi. To ga yashin."

Na kama hannunta. Da ƙarfinta, duk da ciwon. Ta yi min bayani a natse, kamar tana koya min girki. A hanyar ƙanƙara, in abinci ya kasa ko keken karnuka ya yi nauyi, mai rakiya ne yake sauka ya zauna, baƙo ya wuce. Haka mijinta ya yi wa wani ɗan kasuwa da ko sunansa ba ta riƙe ba, aka tsince shi da bazara a zaune, ya fuskanci hanya. Ba wanda ya yi kuka fiye da kima, ƙyaurensu yana nan.

"Ba ki damƙa ni a hannun kowa ba," na ce. "In kin fita, ni kaɗai zan sauka."

"Za ki sauka da ranki. Wannan ma an yarda da shi."

"Ni ban yarda ba. Saki sakatar nan, Iya. Akwai wata a ƙasa, nauyinku ɗaya."

Ta gane. Ta ce ba za a yi haka ba, ta ga yadda nake shafa wannan na'ura kamar jaririya, ta ji na ce abincin ƙasarmu yana cikinta. Ita tsohuwa ce, ta ci nata rabon. Na ce mata gaskiya ne, duk abin da muka ratsa yana cikin Amarya, babu shi a ko'ina kuma. Ina faɗi ina janye ta daga ƙofar, har na zaunar da ita, na ɗaure ƙugunta da igiyar kujerar da na jefar, na ƙulle a jikin bango. Ta zage ni da harshensu, na ji kalma biyu na gane.

Noti huɗu ne ke riƙe da Amarya, kawunansu a cikin rumbun yashi. Na shiga da sifana. Sanyi ya kama su, na farko sai da na taka da ƙafa. Ta tagar ƙasa ina ganin dutse yana tasowa, har ina rarrabe tsagoginsa. Na biyu da na uku suka zo da sauƙi. A kan na huɗu na tsaya, ban san iya tsawon tsayawar ba. Iya ta daina zagi, ta ce da ƙaramar murya, "In za ki yi, yi, 'yar nan." Na juya sifana.

Ɗakin ya yi tsalle, kaina ya bugi murfi. Na ga Amarya tana juyawa a iska, lulluɓinta ya buɗe, ta ƙanƙance, ta shige wani rami mai duhu. Ban ji faɗuwarta ba. Muka hau. Kan tsaunin ya wuce ƙarƙashinmu kusa ƙwarai, har iskarmu ta tayar da ƙurar ƙanƙara.

Da muka fita kan gonakin, sauran hasken rana yana nan. Na gaya wa Iya ta riƙe igiya da hannu biyu, na ja hannun da ke raba ɗaki da balan-balan. Muka faɗo kamar dutse, sannan laima ta buɗe da ƙara, ta fizge mu. Ta taga na ga kabewar ta tsage daga sama har ƙasa, ta tafi tana walwali. Muka dira cikin gonar rake, ɗakin ya kwanta ta gefe, ya ja mu kaɗan, ya tsaya.

Na buɗe ƙofa. Iska mai ɗumi da ƙanshin ƙasa ta shigo. Mutane sun taru daga nesa riƙe da adduna, ba mai matsowa. Wata mata siririya ce ta fara tahowa, ashe gonarta ce, tana nuna raken da muka karya tana faɗa da harshen da ba mu ji. Iya ba ta iya tsayawa ba, da rarrafe ta fito. Ta yafito matar, ta kama hannunta, ta kama nawa, ta haɗa su ta danne. Matar ta daina faɗa, tana duban mu. Sai Iya ta kwanta a kan raken ta suma.

A gidan wannan mata muka yi jinya. Mai maganin garin ya yanke wa Iya yatsu uku na ƙafar hagu. Da ta iya takawa da sanda, muka bi ayarin masu sukari zuwa bakin teku, muka shiga jirgin ruwa, muka isa Walƙanda bayan rana ta fara faɗuwa a can. Mun tarar an yi mana sadakar mutuwa. Ƙyauren gidanta yana nan, buhunan yashi suna tsakar gida a rufe da fata. Ranar da zan tafi, babban ɗanta ne ya raka ni har Dalmaza, ya damƙa ni a hannun mijina.

Sau biyu makaranta ta aika mutane tsaunukan, ba su sami Amarya ba. Majalisar makarantar ta zauna, ta ba Sallau tashi na gaba, aka sa wa rumbun yashi kwado. Ni na koma aji. Iya Gaje ta ƙara shekara tara a duniya, ta rasu a ɗakinta.